Ranar da Na-Taɓa Ya Haɗa Sarƙoƙi Uku

A layin da shagon maƙerin zinariya yake, babu wanda bai san Na-Taɓa ba. Ƙanin matar Maƙerin ne, kuma bakinsa ne ya ja masa wannan suna. In ana hirar tuƙin jirgin ruwa, zai gyara zama ya ce, "Ai na taɓa." In aka ce wani ya gyara agogon bango da cokali, ya taɓa. Ranar da matar Telan da ke maƙwabtaka da shagon ta haihu, ana labarin wahalar naƙuda, sai da Tela ya yi wuf ya toshe masa baki, don ya ga ya fara buɗe shi.

Aikin yi kuwa ba shi da shi. Kullum da hantsi zai zo ya mimmiƙe a kujerar baƙi, ya sha shayin Maƙeri, sannan ya kushe masa aiki.

"Maigida, hannunka da kyau, ido ne babu. Ja da ja, fari da fari, kore da kore, kamar ana jera yara a filin makaranta. Duniya ta wuce nan. Yanzu haɗi ake yayi. A ɗauko yaƙutu a jingina masa lu'ulu'u, a sa zumurrudu a tsakiya yana raba faɗa. Da ni ke da shagon nan, da mata sun yi layi har bakin titi."

Maƙeri mutum ne mai tsadar magana. Shekara talatin yana sunkuye a kan teburin nan, bai taɓa ɓatar wa kowa da ko ƙwayar ɗan kunne ba, shi ya sa manyan mata ke barin kayansu a hannunsa su tafi hankali kwance. Abin da yakan ce wa surukin nasa bai wuce, "Sha shayinka," ba.

Wata safiya Maƙeri ya tashi da kunci kamar ya ɓoye ƙwallo a ciki. Haƙori ya ce sai an cire shi yau. Ga shi ya yi wa mata uku alkawarin su zo su karɓi sarƙoƙin da ya wanke ya gyara musu. Ya so ya rufe shagon, matarsa ta shiga tsakani.

"Haba, ka bar wa Auta mana. Miƙa akwati ne fa kawai. Kullum kana cewa ba ya tsinana komai, kuma ba ka taɓa ba shi abin da zai tsinana ba."

Maƙeri ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Azabar haƙori ce ta yanke masa shawara. Ya kulle komai a akwatin ƙarfe, ya bar ƙananan akwatuna uku a aljihun tebur, kowanne da takarda a manne. Ya dafe kunci, ya yi magana ta gefen baki.

"Wannan na Malama shugabar makaranta. Wannan na Hajiya Mai Otal. Wannan na Lauya. Wadda ta zo, ka miƙa mata. Kar ka buɗe. Kar ka taɓa."

"Maigida, tsaron shago kuma? Ai na…"

"Kar ka faɗa."

Ƙarar motar da ta ɗauki Maƙeri ba ta gama ɓacewa ba, akwatunan uku suna buɗe a kan tebur. Ta Malama lu'ulu'u ce fara sol, ƙwaya bayan ƙwaya a zaren siliki, da wata babba a tsakiya kamar ƙwan tattabara. Ta Mai Otal yaƙutu ce ja jawur, an sarƙafa duwatsun da ƙananan zobban zinariya. Ta Lauya zumurrudu, kore shar, siririya, mai kamun kai kamar mai ita.

Na-Taɓa ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu. Tausayinsu ya ji. Ga dukiya, babu dabara. Nan take ya ga abin da zai faru: zai warware su, ya sake haɗa su, kowace mace ta sami rabonta na ja da fari da kore. Za su fita suna walƙiya, a tambaye su wa ya yi, su nuna shi. Kafin shekara ta zagayo yana da shagonsa mai ƙofar gilashi, Maƙeri yana zuwa shan shayi, shi kuma yana ce masa, "Sha shayinka."

Ya ɗauki almakashi. Tsakanin kowane lu'ulu'u da ɗan'uwansa akwai ɗan ƙulli da Maƙeri ya yi kwana biyu yana ɗaurawa. Na-Taɓa ya bi su ƙat, ƙat, ƙat, yana tsaki. "Ɓata lokaci." Ya ɗauki awartaki ya ɓanɓare zobban yaƙutun, ya yi wa zumurrudun haka. Ya tara duka a tire ɗaya ya motsa da yatsa, suka ba da wani sauti mai daɗi.

Sautin ne ya jawo Tela. Ya leƙo, awo rataye a wuya, ya ga tiren, ya ja da baya kamar ya ga maciji.

"Kai, Na-Taɓa! Gadon wa kake rabawa?"

"Shigo ka ga ilimi. Wannan shi ake kira haɗi."

"A wajenmu in aka haɗa kayan mutane uku ba su sani ba, wani suna ake kiransa."

"Kai da ka iya ɗinkin wando kawai, me ka sani? Dubi nan. Ja zai zauna a nan, fari ya bi shi, kore ya faɗo daga sama haka…"

Da ya ce "haka", sai ya kai hannu sama ya sauko da shi, gwiwar hannunsa ta daki gefen tiren. Tire ya yi tsalle ya kife. Duwatsu suka watse, wasu ƙarƙashin tebur, wasu bayan akwatin ƙarfe, lu'ulu'un kuwa da yake masu gangara ne suka nufi ƙofa a guje kamar an tashi makaranta. Tela ya yunƙura zai tare su, ya taka uku a lokaci ɗaya, ƙafafunsa suka yi gaba, shi ya yi baya, ya zauna daɓas a bakin ƙofa.

"Kar ka motsa!" in ji Na-Taɓa. "Kana zaune a kan dukiya."

"Na ji ta. Tana shiga jikina."

Suka shiga tsince da rarrafe. Mai shagon takalma na tsallake ya fito yana tambaya ko sallar me ake yi a ƙasa da hantsi haka. Na-Taɓa ya ce allurar Tela ce ta faɗi. Mutumin ya ce bai taɓa ganin allurar da ake tsinta hannu-hannu ana zubawa a hula ba, ya ja kujera ya zauna kallo.

Da aka mayar da komai tire, sai Na-Taɓa ya lura da abin da bai zo masa a lissafi ba. Zobban zinariyar da ya ɓanɓare sun lanƙwashe, rabinsu sun karye, don haka sarƙoƙin za su gajarce. Ana bukatar ciko.

"Tela, irin duwatsun nan da kake liƙa wa riguna, kana da su?"

"Na roba? Ina da buhu guda. Me za ka yi da su?"

"Ciko. A manyan shaguna haka ake yi, don kar na gaskiyar su yi wa wuya nauyi."

"In suka gauraya fa? Yaya za ka raba?"

Na-Taɓa ya yi dariya har da buga cinya. "Ni? Ido rufe ina gane dutsen gaskiya. Yatsuna suna jin sanyinsa."

Tela ya kawo mazubi cike da farare da jajaye da koraye, Na-Taɓa ya juye rabi a tiren tun kafin a hana shi. Sannan ya rufe ido don ya nuna gwaninta, ya lalubo guda, ya ɗaga ta sama.

"Ka ji wannan? Wannan daga ƙasan teku aka ciro ta. Wani ya kusa mutuwa kafin a same ta."

Tela ya karɓa ya juya ta. "Maɓallin rigar jarirai ne. Ga hudarsa huɗu."

"Gwada ka nake yi."

Zaren Maƙeri yana kulle, sai ya aro na Tela, na ɗinkin wando. Inda dutse ya ƙi shiga zare, ya ɗiga masa gam mai kama ƙarfe. Inda ƙugiya ta ƙi kamawa, ya ƙara gam. Zuwa azahar ya gama biyu. Tela ya dube su ya ce sun yi kama da fitilun kan titi da suka lalace, duk launukan suna ci a lokaci guda. Ya ce shi zai koma kan kekensa, amma zai bar ƙofa a buɗe don kar a yi ba shi.

Hajiya Mai Otal ce ta fara zuwa. Mace ce mai jiki da murya, zobe a kowane yatsa, turarenta yana riga ta shiga wuri.

"Ina Maƙerin? Ba ni yaƙutuna, ina sauri."

"Ranki ya daɗe, Maigida ya tafi asibiti, amma ya bar ki a hannun ƙwararre." Ya buɗe akwatin a hankali kamar mai buɗe labule.

Ta leƙa, fuskarta ta ɗaure. "Wannan mene ne? Ja na kawo. Wa ya zuba mini fari da kore?"

"Hajiya, ja zalla ai na masu tasowa ne. Mace irinki, wadda in ta shigo ɗaki fanka ke tsayawa ta gaishe ta, launi ɗaya ya yi mata kaɗan. Wannan haɗin, mata uku kacal za su sa shi a garin nan, kuma ke ce ta farko."

"Ta farko?"

"Sauran biyun ma ba su san da shi ba tukuna."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Mai Otal ta ɗaura, ta juya dama a madubi, ta juya hagu, ta ɗaga haɓa. Murmushi ya fara daga gefe ɗaya ya mamaye fuskar.

"Kai, yaron nan ashe kana da kai. Shi wancan shekara nawa yana mayar mini da abu yadda na kawo shi. Bari in nuna wa ƙawayena a shagon gyaran gashi."

Ta fita tana taku ɗai-ɗai. Na-Taɓa ya leƙa shagon Tela ya ɗaga masa gira.

"Ka gani? Ɗaya ta faɗa."

"Saura biyu su faɗo maka a ka," in ji Tela, bai daina taka keke ba.

Sarƙa ta uku ita ya ware ta zama gwanintar ranar. A ita zai sa babban lu'ulu'un nan na tsakiya. Amma yana so ya ga yadda za ta kwanta a wuya kafin ya zaɓa masa gurbi, ga shi babu wuyan da ke kusa sai nasa. Ya cafke lu'ulu'un a leɓe yadda Tela ke riƙe allura, ya zagaya sarƙar a wuyansa, ya lalubi ƙugiyar ta baya. Ta ƙi kamawa. Ya ɗiga gam, ya matse. Ta kama. Ta kama ƙugiyar, ta kama gashin ƙeyarsa, ta kama wuyan rigarsa, ta so ta tafi da babban yatsansa, da ƙyar ya fizge.

Yana cikin kokawa da ita ya ji sallama. Ya tura lu'ulu'un cikin kunci, ya fizgi wani ƙyallen atamfa da Tela ya manta, ya naɗe wuya.

Malama shugabar makaranta ce. Doguwa, siririya, da tabarau a kan hanci, irin matan da ko babban mutum ya haɗu da su sai ya duba ko farcensa da datti. Bayanta kuma ga Lauya, jaka a hannu, tana duba agogo.

"Sannunku da zuwa," in ji Na-Taɓa, muryar tana fita a dagule.

"Me ya sami kuncinka?" in ji Malama.

"Haƙori."

"An ce mini Maƙeri ne mai ciwon haƙori."

"Na gida ne. Yana zagayawa."

"Wuyan fa? Ana wannan zafi ka naɗe shi?"

"Ya sauka nan."

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Ba ni sarƙata."

Akwati ɗaya ne ke da kaya a ciki. Ya tura shi tsakiyar tebur, yana fatan su sasanta da kansu. Malama ta buɗe. Can a maƙwabta keken Tela ya tsaya.

"Waɗannan fararen nawa ne," in ji ta a hankali. "Na mahaifiyata ne. Da hannunta ta sa mini su kafin ta rasu. Me suke yi a zaren wando?"

Lauya ta matso. "Waɗannan korayen kuma nawa ne. Guda biyar. Sha takwas na kawo. Malam, kafin ka amsa, ina ba ka shawara ka yi tunani, don duk abin da ka faɗa zan riƙe shi."

"Haɗi ne," in ji Na-Taɓa. "Yayi ne. Za ku riƙa karɓa-karɓa, ke Litinin, ita Talata…"

Bai ƙarasa ba hayaniya ta cika ƙofa. Mai Otal ce ta dawo, ta jawo mata huɗu daga shagon gyaran gashi, ɗaya ma kanta rabi a tsefe, kowacce riƙe da sarƙarta.

"Ga shi nan! Shi ne gwanin. Yaro, ka yi musu irin nawa."

Malama ta juya. Idonta ya sauka a ƙirjin Mai Otal, ya tsaya.

"Hajiya, lu'ulu'un uwata ne a wuyanki."

"Uwar wa? Wannan haɗi ne, mu uku kacal ke da shi a gari."

"Ga mu kuwa mu ukun," in ji Lauya. "Ɗaya, biyu, shida. Shida daga cikin zumurruduna kike yawo da su a titi. Cire."

"Ba zan cire ba! An yi mini ne."

Aka kaure. Malama ta riƙe gefe, Lauya ta riƙe gefe, Mai Otal ta dafe tsakiya tana kiran jama'a su zo su ga hassada da rana tsaka. Jama'a kuwa ba su ƙi ba. Mai takalma ya matso da kujerarsa har bakin ƙofa, masu wucewa suka tsaya, wani direba ya kashe mota ya fito. Tela ya kutsa kai, wai zai raba.

"Hajiya, ki yi haƙuri, in za a raba ni ma a ba ni nawa. Wannan babban jan da ke tsakiyar ƙirjinki, da waɗannan ukun, na shagona ne."

"Naka? Kai kana da yaƙutu?"

"Roba ce, ranki ya daɗe. Ita nake liƙa wa rigunan 'yan rawa."

Mai Otal ta kalli ƙirjinta. Ta kalli ƙawayenta huɗu, waɗanda suka fara mayar da sarƙoƙinsu jaka suna cije leɓe. Ta saki wata ƙara da ta sa tsuntsayen kan waya suka tashi, ta fizge sarƙar da kanta, ta nufi Na-Taɓa.

"Roba? Ni ka rataya wa roba na zagaya layi ina gaisawa da mutane?"

Na-Taɓa ya ja da baya, ya zagaya tebur, ya nufi ƙofa. Malama ta miƙa hannu cikin gwanintar wadda ta shekara ashirin tana kama masu tsallake katanga, ta damƙi bakin ƙyallen. Shi ya yi gaba, ƙyalle ya warware ya tsaya a hannunta. Sai ga shi a tsakiyar titi, rana tana dukan wuyansa, ja da fari da kore suna ƙyalli, maɓallin jarirai yana lilo a maƙogwaronsa.

Layin ya fashe da dariya. Mai takalma ya faɗo daga kujera.

"Amarya ta fito!" in ji direban.

A daidai nan mota ta sauke Maƙeri. Bakinsa cike da auduga, rabin fuskarsa a mace da allurar likita. Ya dubi taron, ya dubi matan uku, ya dubi tiren da ke kan teburinsa, ya dubi wuyan surukinsa. Ya so ya yi magana, abin da ya fito bai wuce "Mmmf" ba. Ya shiga shago, ya fito da babban almakashin yankan ƙarfe.

"Maigida, ka tuna da Yaya! Ka tuna da 'ya'yanku, ni ne kawunsu!"

Maƙeri ya kama shi ta ƙeya, ya zaunar da shi a kan kujerar mai takalma, ya sunkuyar da kansa. Da Na-Taɓa ya ji sanyin ƙarfe a bayan wuyansa, ya runtse ido, ya haɗiye yawu da ƙarfi. Ya ji wani abu mai santsi ya bi yawun ya gangara. Ya buɗe ido. Ya taɓa kuncinsa da harshe. Wayam.

Ƙat. Sarƙa ta fita, tare da gashin ƙeya da rabin wuyan riga.

Har la'asar Maƙeri yana sunkuye da madubin idonsa yana rabon duwatsu, matan uku a tsaye a kansa. Yana ɗaga kowanne da hantsaki, ya goge gam, ya ajiye a gaban mai shi, robar kuma ya wurga wa Tela. Yaƙutun Mai Otal suka cika. Zumurrudun Lauya suka cika sha takwas, bayan an zaro ɗaya daga naɗin wandon Tela. Maƙeri ya rubuta a takarda cewa zai sake haɗa kowacce da hannunsa kamar yadda take, ya nuna musu, ya dafe ƙirji. Mai Otal da Lauya suka sauko, don sun san hannunsa.

Malama kuwa ta ƙirga nata sau biyu. "Arba'in da biyu. Babu babban. Shi ne wanda mahaifiyata ta fi so."

Aka duba ƙarƙashin tebur, aka duba kwata, aka zazzage hular Na-Taɓa. Sai Malama ta tsaya a gabansa, ta gyara tabarau.

"Ɗazu kuncinka a kumbure yake. Yanzu ya saɓe. Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Babu komai.

"Ina yake?"

Na-Taɓa ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannu a kan cikinsa. "Yana wuri mai tsaro, Malama."

Maƙeri ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Lauya ta ce ita a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin ɓarawo da ma'aji da akwati sun zama mutum ɗaya ba, amma abin da ta sani shi ne akwatin ba zai bar wurin nan ba sai an buɗe shi. Aka aika aka kira yayar Na-Taɓa, matar Maƙeri. Ta iso da kwalbar maganin wankin ciki da babban cokali, sai da ta ɗura masa uku sannan ta ce, "Auta, ni ka kashe."

Malama ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar shagon, ta fito da takardun jarrabawa daga jaka, ta fara maki. Ta ce ita ba ta sauri.

Na-Taɓa yana zaune a tsakiya, Maƙeri a dama, Yaya a hagu, cikinsa ya fara ƙugi. Jama'a sun ƙi watsewa. Tela ya matso ya raɗa masa, "To gwani, yaya haɗin?"

Na-Taɓa ya dubi masu gadinsa, ya dubi taron da ya cika layi, ya ɗan gyara zama, ya ɗaga haɓa.

"Faɗi gaskiya, Tela. Tunda Maigida ya buɗe shagon nan, ya taɓa ajiye kayan da mutane suka taru kallo kamar ni?"